Kalandar Bangonmu da Kogin Ƙofar Gidanmu

 Muna so mu ba ku labarin wasu 'yan tafiye-tafiye da muka yi daga unguwarmu ta Rumde Ajiya a nan Garwa, da abin da ya tashe mu, da kuma abin da muka komo da shi.

Mafarin zancen wata kalanda ce da ke rataye a falonmu, irin wadda 'yan kasuwa kan raba wa abokan ciniki a farkon shekara. Kowane wata da hotonsa: wannan duwatsun Suwizalan ne da ƙanƙara a kansu, wancan wani tafki ne a Kanada, na gaba kuma ruwa ne yana zubowa daga tsauni a ƙasar Sin. Wata rana bayan la'asar, ƙaramar jikar gidan ta tsaya gabanta ta ƙura ido, sannan ta juyo ta ce, "Kaka, mu ƙasarmu ba ta da wuri mai kyau ne? Me ya sa ba a sa mu a ciki ba?"

Muka yi dariya, amma tambayar ta zauna mana a rai. Aka ce a ɗauko tsohuwar akwatin hotuna a nuna mata. Da aka buɗe sai muka tarar gara ta riga mu, danshin damuna kuma ya manne sauran da juna. Hotunan bakin kogi na zamanin da jiragen ruwa suke zuwa, da na yawon da muka yi zuwa duwatsun Kapsiki tun ana ɗauka da fim, duk sun lalace in ban da guda uku. Mai hoton da ya wanke mana su ya daɗe da rufe shagonsa, fina-finan da ya adana kuwa an zubar. A ranar muka ƙudura cewa kafin shekara ta zagayo, yarinyar nan za ta ga amsar tambayarta da idonta, domin gani ya kori ji.

Binuwai da sassafe

Mun fara da abin da ya fi kusa. Daga Rumde Ajiya zuwa bakin Binuwai tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, amma akwai yaran unguwa da suka girma ba su taɓa zama a gaɓarsa sun ga fitowar rana ba. Unguwar tamu duniya ta san ta ne da filin ƙwallo, wanda aka gina a 1978, aka kuma sabunta shi domin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. A nan ne Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, 'yan'uwa daga Yola da Kano da Maiduguri suka cika gari. Kowa ya ɗauki hoton filin da wayarsa, kaɗan ne suka gangara kogi.

Zuwanmu na farko asara muka yi. Mun isa da rana tsaka, haske ya yi yawa, ruwa da yashi da sama duk suka fito fari fat kamar an zuba gari. Wani dattijo mai kwalekwale ya ga muna ta juya waya muna tsaki, ya matso.

Muka ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yawwa, sannunku. Ku ma kun zo ɗaukar kogi da rana tsaka? Ai yanzu barci yake yi. Ku dawo bayan asuba."

Muka bi maganarsa. Washegari, cikin watan Nuwamba, ruwan sama ya ɗauke amma hazon hunturu bai sauko ba tukuna, muka isa gari bai gama wayewa ba. Tururi yana tashi daga kan ruwa, masunta suna jefa birgi, balbelu suna wucewa jere. Can tsakiya wasu duwatsu baƙaƙe suka motsa, ashe dorinai ne. Dattijon ya gargaɗe mu da kada mu matsa kusa, ya ce dorina mai ɗa ba ta san wasa ba, kuma ba a shiga tsakaninta da ruwa. Hoton da muka ɗauka a wannan safiya, da kwalekwalensa a gefe ɗaya da jan hasken rana a bayansa, shi ne na farko da ya hau bangonmu.

Wannan kogi ba ƙarami ba ne a tarihi. Yana tasowa daga tudun Adamawa a arewacin Ngaundare, ya ratsa Garwa da Yola da Makurɗi, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya iso mahaɗarsa da kogin Faro a watan Yuni na 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ba shi da kyamara, da alƙalami ya zana abin da ya gani, kuma da waɗannan zane-zane da rubutunsa ne mutanen Turai suka fara sanin kamannin ƙasar nan. Daga baya Garwa ta zama tashar jiragen ruwa, inda a cikin 'yan watannin da kogi yake cika ake lodin auduga da gyaɗa zuwa teku ta Najeriya. Yau wannan harka ta mutu, yashi ya ci gaɓa. Wanda yake son ya gwada wa ɗansa yadda tashar take a lokacin da take raye, sai ya nemo tsohon hoto, in ya samu.

Tafkin da ya haɗiye kwari

Tafiya ta biyu zuwa Lagdo ce, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Hanya ta ratsa gonakin auduga da ake tsinka, an tara ta fara sol a bakin ƙauyuka ana jiran motocin Sodecoton. Madatsar ruwan mutanen Sin ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, a wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu. Tsayinta mita 40 ne, tafkin da ta tara kuwa ya kusa murabba'in kilomita 600, kuma daga nan ne arewacin Kamaru ya daɗe yana samun wutar lantarki. Mu gaya wa mai niyyar zuwa: madatsa da gada da barikin soja ba wuraren ɗaukar hoto ba ne sai da izini. Mai gadi ya faɗa mana haka cikin ladabi, muka mayar da wayoyi aljihu har muka wuce.

Kyan Lagdo a bayan madatsar yake. Tsibiran da ke cikin tafkin kawunan tuddai ne da ruwa ya kewaye, manyan duwatsu sun hau kan juna kamar an jera su da hannu. Da yamma, rana tana gab da faɗuwa, ruwan yakan koma kalar tagulla, kwalekwalen masunta kuma su zama baƙaƙen layuka a kansa. Masuntan nan daga wurare da yawa suka zo bayan an tare ruwa, har da Hausawa, kuma a kasuwar kifi mutum zai ji Fillanci da Hausa da Larabcin Shuwa da wasu harsuna a rumfa guda.

Muna zaune a kan dutse sai wani daga cikinmu ya yi wata magana da ta sa muka yi shiru. Ya ce a ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da kufai da makiyaya da hanyoyin da mutane suka bi shekara da shekaru, kuma shi bai taɓa ganin hoton kwarin kafin ya nutse ba. Haka kuma wannan ruwa mai kwanciyar hankali shi ne wanda a 2012, da damuna ta yi ƙarfi aka buɗe ƙofofin madatsa, ya mamaye ƙauyuka a nan, ya kuma ƙara wa ambaliyar da ta raba mutane kimanin miliyan 2 da gidajensu a Najeriya. Mai ɗaukar hoto na gaskiya yakan ɗauki fuskokin biyu, ta kyau da ta ɓarna, domin duk tarihin wurin ne.

Kwazazzabon Kola

Da rani ya kama sosai, cikin Fabrairu, muka nufi arewa. Muka bar duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai a hannun hagu, muka wuce Pitowa mai babbar kasuwar Lahadi, muka yi tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Gidar. Kilomita kaɗan daga garin ne kogin Mayo Luti ya sassaƙe dutse ya yi wa kansa hanya. Da damuna ruwa yakan cika wurin maƙil, ba mai kusantarsa. Da rani kuwa sai ya janye, mutum ya gangara ya yi tafiya a kan yashi tsakanin bangaye biyu na dutse mai santsi, baƙi da toka-toka da fararen jijiyoyi, sun fi tsayin bene. A jikinsu akwai ramuka kamar tukwane da turame, waɗanda ruwa da tsakuwa suka yi ta niƙawa shekaru dubbai.

A nan ne muka gane cewa kowane wuri da lokacinsa. Dokar da muka koya a bakin Binuwai ba ta yi aiki a Kola ba, domin da sassafe cikin kwazazzabon duhu ne, sai rana ta ɗaga haske yake kaiwa ƙasa. Hazon da kan ɓata hoton fili shi ya taimake mu, ya rage kaifin rana, launin dutse ya fito. Mun kuma ga cewa hoton dutse shi kaɗai ba ya nuna girmansa. Sai da muka sa jikar nan tamu ta tsaya a gindin bango da jan mayafinta, sannan wanda bai je ba ya fahimci zurfin wurin.

Ba nisa da nan, a Bidzar, akwai zane-zanen da mutanen dauri suka sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗen farin dutse, da'irori da layuka waɗanda masana suke ta nazari a kansu. Irin wannan farin dutse shi ake haƙa a yankin domin siminti da daɓen gidaje, don haka zanen yana cikin haɗari. Duk wanda aka fasa, hotonsa ne kaɗai zai yi shaidar an taɓa yinsa.

Rumsiki, inda ba mu kai ba

Niyyarmu ta farko ita ce mu zarce har Mokolo, daga nan mu yi kilomita 55 zuwa Rumsiki. Amma da yake da yara muke tafe, manya suka ba da shawarar mu dakata, muka kuwa ji. Don haka abin da za mu faɗa a kan Rumsiki daga tunawa ne, da kuma ɗaya daga cikin hotuna ukun da gara ta bari.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin wannan kwari ba ya mantawa. Duwatsu ne dogaye tsaye ɗai-ɗai kamar yatsun hannu, mafi shahararsu ƙololuwarsa tana mita 1,224 bisa teku. Masana ƙasa sun ce narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron tsaunuka masu aman wuta, iska da ruwa suka cinye abin da ke kewaye da shi, suka bar shi a tsaye. A gangaren tuddai mutanen Kapsiki sun jera duwatsu hawa-hawa suna noman dawa da gero, kuma 'yan'uwansu na jini suna can tsallaken iyaka wajen Micika. Waɗannan duwatsun Mandara duniya ta san darajarsu: Hukumar UNESCO ta sa Sukur ta ɓangaren Najeriya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta kuma sa kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy na ɓangarenmu a 2025.

Shekaru da dama Rumsiki tana cikin wuraren da baƙi suka fi ɗauka hoto a Kamaru, har ta hau katunan gaisuwa da littattafan 'yan yawon buɗe ido. Amma a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza, rikicin Boko Haram kuma ya tsallako iyaka. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu masauki da 'yan rakiya da masu saƙa suka shiga wani hali. Abin da wannan ya tona shi ne, yawancin hotunan ƙasarmu baƙi ne suka ɗauka, kuma a ƙasashensu suke ajiye. Da baƙon ya daina zuwa, sai ɗaukar ta ragu ƙwarai, domin mu masu gida ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Karkandar da ta rage a takarda

Jiharmu ta Arewa tana da manyan gandayen daji uku, na Binuwai da na Faro da na Buba Njidda, kuma a Garwa ne makarantar horar da ma'aikatan kula da namun daji take tun 1970, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da yawa suke zuwa karatu. A dazuzzukan nan ne wata irin baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. Mafarauta suka yi ta kashe ta saboda ƙahonta. A 2006 masu bincike suka karaɗe dajin ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 kuma aka bayyana cewa irinta ya ƙare. Kakanninmu sun san ta, sun sa ta a karin magana da kirari, jikokinmu kuwa sai dai a hoto. A farkon 2012 ma wasu mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka shigo Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Hotunan gawarwakin da suka bazu a duniya suna cikin abin da ya sa aka tura sojoji.

Wannan aiki na hoto ba a nan ya fara ba. A Amurka, hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a kwarin Yosemite a 1861 sun taimaka wajen shawo kan 'yan majalisa, har shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar kare wurin a 1864. Hotunan William Henry Jackson na 1871 kuma suna cikin hujjojin da aka gabatar kafin a mayar da Yellowstone gandun ƙasa na farko a duniya a 1872. Ta hanyar gwama tsofaffin taswirori da hotuna da sababbi ne aka gane cewa ƙanƙarar kan dutsen Kilimanjaro ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1912. Nan kusa da mu, hotunan tauraron ɗan'adam ne suka nuna wa duniya yadda tafkin Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ashe hoton da aka ɗauka yau don sha'awa, gobe shi ne shaida.

Abin da muke roƙon gidaje

Yanzu kusan kowane gida akwai waya mai kyamara, wadda ta fi ta masu hoton da ƙarfi. Abin da ya rage shi ne niyya da ɗan sani. Ga abin da muka koya, mun kuwa koye shi ne bayan kuskure.

A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a goge gilashin kyamara domin ƙurar hunturu ba ta raina kowa, a kuma daidaita waya kada kogi ya fito a karkace. A sa wani abu a gaba, ko kuka ko giginya ko mutum, don a gane nisa da girma. Watannin Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci, ƙasa tana kore, sama tana garau.

A kiyaye mutuncin mutane. Bakin kogi wurin wanka da wanki ne na mata, ba a ɗaga waya a nan. Makiyayi da shanunsa, ko manomi a gonarsa, a yi masa sallama a nemi yardarsa, in ya ƙi a haƙura. In an shiga ƙauye a fara gaida mai gari. Hoton da aka ɗauka bisa sata ba ya da albarka, komai kyansa.

Sannan a adana. Waya takan ɓace, takan faɗa ruwa, takan mutu da duk abin da ke cikinta. A zaɓi hotuna goma mafiya kyau a shekara a wanke su a takarda, a rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayansu, a sa su cikin leda a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa da danshi. A aika wa ɗan'uwa na wani gari kwafi. In da hali, a koma wuri ɗaya duk shekara a wata ɗaya, a tsaya inda aka tsaya bara a sake ɗauka. Bayan shekara ashirin, wannan jeri zai nuna inda gaɓa ta zaizaye, da inda itatuwa suka zama gawayi, da kuma inda aka dasa suka girma.

Tsohuwar kalandar tana nan, ba mu yar da ita ba, domin duwatsun Suwizalan ma abin kallo ne. Amma yanzu a gefenta akwai hotuna huɗu cikin gilashi: mai kwalekwale a Binuwai, faɗuwar rana a Lagdo, yarinya mai jan mayafi a Kola, da tsohon hoton Rumsiki da gefensa ya cinye. Jikar tamu ita ce mai yi wa baƙi bayani, kuma kullum takan ƙare da nuna na huɗun ta ce, "Nan ne ba mu je ba tukuna." Mun yi mata alkawarin in hanya ta yi kyau za mu kai ta. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya nuna mana wannan rana.